Ƙyallen Ƙarƙashin Kujerar Motar Baba

Assalamu alaikum 'yan dandali. Masu aiko min saƙo suna tambaya ko an sa rana ne shi ya sa na yi shiru, ku yi haƙuri, ba a sa rana ba. Kunya ce ta riƙe min hannu. Sau nawa ina zuwa kafe in zauna gaban kwamfuta, in rubuta sallama, in goge, in tashi. Yau dai na ce ko me za ku kira ni ku kira ni, amma sai na faɗa.

Wanda yau ya fara bina, sunana Shuhada, 'yar Alhaji Alamin mai ƙaro da riɗi a nan Nguru. Ummana ta rasu ina aji biyu a sakandare, ƙanwar Baba, Gwaggo Suwaibatu, ita ta dawo gidanmu ta ƙarasa rainona. Wanda nake so kuwa sunansa Abbagana, mai wayarin mota ne a Gashua, dogo, baƙi, mutumin da in ka ƙirga maganarsa ta yini ba za ta cika cokali ba. Mota ce ta haɗa mu, kuma ga shi mota na neman raba mu.

Baba yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da ya saya tun ina firamare. A daminar bara ta faɗa ruwan da ya cinye hanya, ƙwaƙwalwarta ta sha ruwa ta mutu, wato akwatin nan da makanikai ke kira birenbos, mai ba injin umarnin yawan man da zai sha. An nemi irinta daga nan har Kano ba a samu ba. Wasu suka ce a mai da ita kabureta, wasu suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Baba ya ce ko kaji za su yi ƙwai a cikinta ba za ta bar gidan ba. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa: kujerar gaba ta Ummana ce.

Abbagana ne ya ce zai gwada. Ya sa aka kawo masa wata ƙwaƙwalwa ta gama-gari, ba ta kamfanin motar ba, irin wadda ake saita ta da kwamfuta. Ranar da ya zo jan motar ni na kai masa ruwa a zaure, ya karɓa ya ce min "wushe", wato sannu da Barbarci, kansa a ƙasa, ni kuwa na koma ciki na zuba gishiri sau biyu a miya. Daga baya ya nemi izini a wurin Baba, aka ba shi da sharaɗi guda: zance a zaure, ƙofa a buɗe, a tashi kafin magariba. Baba ya kalle ni ya ce, "Uwata, ba a hanya ba, ba a gidan ƙawa ba, ba a ko'ina ba." Na ce to, har da rantsuwar da ba a nema ba.

To ga inda na fara tufka igiyar da ta ɗaure ni. Bayan ƙaramar Sallah ƙawata Fanne ta haihu a Gashua, aka bar ni na je suna. Na ci ado da atamfata ta Sallah, koriya mai zanen ganye ruwan ƙwai, wadda Gwaggo ta sayo turmi biyu muka yi anko ni da ita, na yafa mayafi ruwan madara, Fanne ta bulbula min humra har sai da na yi atishawa. Ana cikin rabon shinkafa saƙo ya shigo: "Slm. Na ji kina gari. Yau motar Alhaji za ta yi numfashi, da kina kusa da kin ji." Ba cewa ya yi in zo ba, ku shaida. Ni na zame ta ƙofar baya na hau acaɓa.

Na same shi a bayan gareji shi kaɗai, ya cire kujerar gaba, rabin jikinsa a cikin mota. Da ya gan ni sai da ya ce in koma, na ce daga na ji ta tashi zan tafi. Ya ba ni tocila na haska masa. Yana ɗaure wani ɗan ƙarfe fari mai haƙarƙari, bai fi sabulun wanka ba, wayoyi na fita daga jikinsa. Ya ce a ƙarƙashin kujera zai sa shi kusa da sabuwar ƙwaƙwalwar, don kada ruwan hanya ya sake yi musu abin da ya yi wa ta farko. Na tambaye shi mene ne, don dai in ji muryarsa.

"Razista ne," in ji shi. "Injektocin motar nan, masu fesa mai a inji, irin na da ne, wuta ba ta samun tirjiya a cikinsu. Na auna su da mita ko uku ba su kai ba, ita kuwa wannan ƙwaƙwalwar da masu goma sha biyu ta saba. In na haɗa su kai-tsaye za su zuƙi wuta ta cikinta har ta dahu. Wannan shi ke shiga tsakani ya shanye zafin a jikinsa."

"In aka cire shi fa?"

"In aka haɗa wayoyin mota za ta tashi lafiya lau, har ki ce ta fi da. Amma ba za ta kai ki Gashua daga Nguru ba."

Ku riƙe wannan maganar, don ni na riƙe ta, ban manta ko harafi ba.

Da ya zo tattara wayoyin kada su riƙa gogar ƙarfen kujera, sai ya tarar salatif ɗinsa ya ƙare. Yana waige-waigen abin ɗauri, ni sarkin rawar kai na kama bakin ɗankwalina da haƙori na yage siriri na miƙa masa. Ya yi dariyar da ban taɓa gani ba, ya ce yau motar Alhaji ta yi kwalliyar Sallah. Ya ɗaure, ya murza makulli, mota ta tashi kamar ba ta taɓa ciwo ba. Iyakar abin da ya faru ke nan, wallahi, sai gasasshen kifin da ya aika aka sayo min. Da na dawo gida Gwaggo ta tambaye ni ya suna, na ce ko ƙofar gidan su Fanne ban leƙa ba tun safe. Ɗankwalin kuma na cusa shi can ƙasan akwati.

Ranar da aka kawo motar Baba ya zagaya ta yana shafawa, ya shiga ya zauna shi kaɗai ya daɗe bai fito ba. A makon nan ya ce wa Abbagana ya turo magabatansa.

Gwaggo ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Ba mugunta ba ce, kada ku zage ta. Matar nan in zazzaɓi ya kama ni ita ke ramewa. Cewa take tun da yaron nan ya taka gidan na canza, ina ƙona tuwo, ina yi wa waya murmushi, ga shi samari nawa na kora amma na nace wa wanda ko hira bai iya ba. Kullum ƙarshen maganarta shi ne, wannan ba so ba ne, hannu aka sa miki. Ni dariya nake, ina ce mata ai ita ma an ce kuka ta yi wa mijinta har da birgima kafin a ba ta shi.

Ran Laraba da la'asar, yayana Sabitu, mai sayar da janareta a bakin kasuwa, ya kai Gwaggo dubiya asibiti a motar. Suna dawowa carbinta ya zame ya faɗa ƙarƙashin kujera. Ta zura hannu tana lalube, wani abu ya ƙona mata yatsa. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji ta kira sunana da wata murya da ba ta taɓa kirana da ita ba.

Na same su a rumfar mota, Yaya Sabitu ya tura kujerar gaba can baya yana haskawa. Ga ɗan ƙarfen nan, ga ƙyallena kore shar a ɗaure a jikin wayoyi, ƙulli biyu.

"Shuhada, wannan ba atamfarmu ta Sallah ba ce?"

"Ta yi kama, Gwaggo."

"Ina ɗankwalinki?"

'Yan uwa, a nan ne ya kamata in ce yana akwati, ni na yage shi. Kalmomin har sun zo bakina. Sai na tuna fuskar Baba yana cewa ba a ko'ina ba, na tuna ƙaryar da na yi ranar suna, na ga Yaya Sabitu ya kafe ni da ido. Na ji bakina yana cewa, "Tun Sallah ban gan shi ba."

Da dukana ta yi da ya fi min sauƙi. Rungume ni ta yi tana kuka, tana cewa ai ta faɗa, an sace ɗankwalin marainiya an ɗaure mata zuciya, kuma a rasa inda za a binne sai kujerar uwarta. Abu a ɓoye, mota a kashe amma shi da zafi kamar mai rai, me ake nema kuma? Ta tofa min addu'a a ka, hawayenta na zuba a wuyana, ni kuwa na tsaya ƙiƙam kamar turmi.

Yaya Sabitu ya ɗauko filaya ya datse wayoyin. Ya murza makulli mota ta ƙi tashi. Na ji sanyi a raina, na ce yanzu dole a kira mai ita. Ina, Yaya ai gani yake duk abin da ke da waya ƙanin janareta ne. Ya fere bakin wayoyin, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da salatif. Bugu ɗaya ta tashi.

"Kin gani, Gwaggo," ya ce yana goge hannu. "Da na mota ne da ba ta tashi ba."

Suka yanke kada a gaya wa Baba tukuna, sai Gwaggo ta kai wa malaminta ya duba. Ta ɗauki ƙarfen da tsumma, ba ta yarda ya taɓa fatarta ba, ta kife shi da ƙwarya a bayan randa.

Bayan magariba saƙon Abbagana ya shigo: "Slm gimbiya. Kawuna ya ce sun shirya, Juma'a ta sama in Allah Ya so. Ya mutuniyata, tana shan mai lafiya?" Na rubuta, "An cire ƙarfen." Na kalli kalmomin. In na tura zai kira Baba nan take, Baba zai tambayi wa ya gaya masa, daga nan sai a tambaye ni ya aka yi na san amfaninsa. Na goge. Na tura, "Lfy lau. A gaida Kawu." Na ce wa kaina ai Baba da ƙafa yake zuwa shago, sai Juma'a yake fita da motar, kafin nan zan san dabara. Haka mai ƙarya yake, kullum gani yake gobe tasa ce.

Washegari da hantsi aka bugo wa Baba waya daga Gashua, Malam Bubayero ya rasu, za a yi jana'iza kafin azahar. Malam Bubayero ba aboki ba ne kawai. Tare suka fara dakon buhun gyaɗa a tashar jirgi suna samari, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Tun muna yara muke jin su suna tsokanar juna, cewa duk wanda ya riga tafiya ɗayan ne zai shiga kabari ya karɓe shi. Baba ya ajiye wayar ya ce wa Yaya Sabitu ya fito da mota.

Ni na kawo masa farar babbar riga da hula. Ya kasa sa maɓallin wuya, na sa masa. Na bi shi har rumfa. Yaya ya tayar da mota, tana ta ƙara mai daɗi kamar yadda aka ce min za ta yi. Baba ya sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Baba," na ce.

Ya juyo. "Na'am, uwata?"

Gwaggo na tsaye a bayana da buta. Na ce, "Allah Ya ji ƙansa."

"Amin," ya ce, ya ja ƙofa.

Sauran daga bakin Yaya Sabitu na ji. Sun wuce Jajimaji kaɗan mota ta fara shaƙewa, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya taso daga ƙarƙashin kujera, ta mutu murus. Baba ya tsaya a bakin titi cikin rana yana ɗaga wa motoci hannu, duk a cike. Da ƙyar wata a-kori-kura mai buhunan albasa ta tsaya, dattijo da farar riga ya hau baya. Ya isa Gashua ya haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, suna kakkaɓe ƙasa daga hannu.

Abbagana ne ya zo a babur ya duba motar. Yaya ya ce da ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga murɗaɗɗun wayoyin, zama ya yi a ƙasa ya riƙe kai. Shi ya samo motar da ta jawo ta gida.

Washegari bayan la'asar Baba ya tara su a zaure. Ni ina bayan ƙofar da ke shiga tsakar gida, ina leƙe ta tsagar katako. Abbagana ya zo da shuɗiyar shadda, wadda na san ya ɗinka ne don ranar gaisuwa. Gwaggo ta kawo ƙarfen a kan faifai ta ajiye ta ja baya. Baba bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa, amma tun jiya ko ruwan kirki bai sha ba.

Abbagana ya yi bayani kamar yadda ya yi min, a hankali, ya buɗe ƙwaƙwalwar ya nuna inda ta ƙone baƙi ƙirin. Ya ce a kai ƙarfen wurin kowane mai wayarin a Kano ko Maiduguri, zai faɗi sunansa. Yaya Sabitu ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli.

"Na yarda," in ji Baba. "Ƙarfe na mota ne, Sabitu ya yi karambani. Saura ƙyalle. Wannan atamfar 'yata ce, ta ce tun Sallah ɗankwalin ya ɓace. Abbagana, ina ka same shi?"

Na ga idonsa ya zo kan ƙofar da nake, ya tsaya kaɗan, ya koma kan tabarma. Ya san ina wurin, ƙamshin humrata kaɗai ya isa ya tona ni. Na dafe baki da mayafi ina roƙon Allah, kuma ku ji abin da nake roƙo: kada ya faɗa.

"Alhaji, ka gafarce ni," ya ce. "Wannan ba zan iya amsawa ba."

"Akwai wanda ka gaya wa amfanin ƙarfen a gidan nan?"

"Laifina ne, Alhaji. Kai ya kamata in nuna wa tun ranar da na kawo ta."

Gwaggo ta yi salati a hankali. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shi bai ce asiri ba ne, bai kuma ce ba asiri ba ne, amma ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ke da tambayar da ba zai iya amsawa ba. Ya ce a gaya wa kawun Abbagana su dakata. Abbagana ya ce to, ya durƙusa ya yi wa Baba ta'aziyya karo na biyu, ya ɗauki ƙonanniyar ƙwaƙwalwarsa ya fita. Addu'ata ta karɓu, kuma ban taɓa tsanar kaina irin ta wannan yammacin ba.

Kafin ya bar gari saƙonsa ya shigo: "Kada ki ce komai. Ni namiji ne, zai wuce. Zan nemo wa Alhaji wata." Ko kalmar zargi ɗaya babu. Na karanta a banɗaki don kada Gwaggo ta ga fuskata, ita da ke ta turara min ɗaki da habbatussauda tana cewa in sha Allahu na rabu da wahala.

Bai wuce ba. Magana ta riga shi isa Gashua, don direban da ya jawo motar ba kurma ba ne. Fanne ta kira ni ta ce wani ɗan kasuwa ya zo ya janye motarsa daga garejin aiki bai ƙare ba, wani kuma ya sa an ciccire kujerun tasa a tsakiyar tasha ana dubawa, mutane na kallo. Ta ce mahaifiyar Abbagana ta daina fita ko gidan biki. Sannan ta ce, "Shuhada, ranar sunana ina kika je da azahar?" Na kashe wayar.

Da safe na jawo akwati na zazzage. Yana nan inda na cusa shi, ya yamutse, bakinsa a yage zare na reto. Na goge shi da dutsen guga, na sa rigar da zanen, na ɗaura shi yadda yagaggen bakin zai sauko a kan goshina. Ban yafa mayafi ba. Gwaggo na bakin murhu tana dama kunu, ta ɗago ta gan ni, ludayin ya tsaya a hannunta. Ban iya haɗa ido da ita ba, na wuce.

Baba na zaune a ɗakinsa kan darduma, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ƙyallen na gefensa a kan faifai. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ɗankwalin bai ɓace ba. Ni na yage shi da haƙorina na ba shi, a garejinsa, ranar sunan Fanne. Ƙarya na yi muku."

Ya ce in matso. Ya ɗauki ƙyallen ya kara shi a bakin ɗankwalin a kan goshina, ganyen da ya rabe biyu ya haɗu. Na ji yatsunsa sun yi sanyi.

"Kina wurin ya ɗaura ƙarfen?"

"Ina wurin."

"Ya gaya miki abin da zai faru in aka cire?"

"Ya gaya min, Baba."

Na zaci mari, na zaci zai ce in fita. Sai ya ajiye ƙyallen a hankali, ya juya yana kallon farar rigar nan da ke rataye a ƙusa, har yanzu da jirwayen buhun albasa a bayanta.

"Uwata," ya ce, "ranar da zan tafi wurin Bubayero, da kika ce Baba na juyo, wannan ce maganar da ke bakinki?"